Factorio: sai da na taɓa saitin taswira ƙwarin suka fara ba ni tsoro

Wata uku ina buga Factorio, wasan gina masana'anta inda ƙwari ke kawo maka hari, a tsohuwar kwamfutata ta cinya, sai na lura ƙwarin nan sun zama abin dariya. Ina haƙar ƙarfe, ina shimfiɗa layin dogo, su kuwa su turo 'yan guda biyar su zo su mutu a gindin katanga. Wasan na kamfanin Wube ne da ke birnin Prag, ya fito cikakke a watan Agustan 2020, kuma dala 35 na biya, don masu shi ba sa yin rangwame. Duk wanda ya juya kuɗin nan zuwa naira ya san ba zan yarda ya zame min wasan jera injina kawai ba.

Da na buɗe sabuwar taswira sai na ja yawan sheƙar ƙwari da girmanta har ƙurewa, na gyara zama ina jiran yaƙi. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Awa biyu babu wanda ya leƙo. Ashe a tsakiyar kurmi aka ajiye ni, bishiyoyi suna shanye hayaƙin masana'antata tun bai kai inda suke ba.

A nan na gane cewa yawansu ba shi ke kawo hari ba, hayaƙi ne ke kiransu. Sheƙa tana zuƙar hayaƙin da ya iso mata, da shi take biyan kuɗin mayaƙan da za ta turo. Ƙaramin ƙwaro ma'auni 4 na hayaƙi yake ci, tukunyar tururi ɗaya kuwa 30 take fitarwa a minti guda. Ka lissafa da kanka. In dai hayaƙin bai tsaya a hanya ba, tukunya ɗaya ta isa ta jawo maka ƙwaro bakwai kowane minti.

Sai na koma na sake lale. Na rage filin farawa zuwa kashi 75 cikin 100 don sheƙoƙin su matso kusa, na rage bishiyoyi da danshin ƙasa har taswirar ta koma kusan hamada, sannan na mayar da farashin hari rabi, wato hayaƙi ɗaya, mayaƙa ninki biyu. Lokacin da suke ɗauka kafin su fita kafa sabon gida yana tsakanin minti 4 zuwa 60, na yanke na saman zuwa 20. Akwai shiryayyen tsari mai suna Death world da ke yin kusan haka, amma yana ɗaga saurin rikiɗar ƙwarin bisa lokaci daga 40 zuwa 200. Ni ban so wannan ba. Taro nake nema, ba ƙattin da harsashin farko ba ya huda fatarsu tun ban tsaya da ƙafata ba. Na bar shi a 40.

Ban cika rabin awa ba ƙararrawa ta fara kuka ta wajen ramin jan ƙarfe. Ƙanena yana zaune a gefen katifa yana cin gyaɗa, ya nuna fuskar kwamfutar da ɗan yatsa.

"Yaya, bindigar gabas babu harsashi fa."

Kafin in ruga can sun cinye bindigar, sun cinye injin haƙa shida, sun bi turakun lantarki suna ci kamar rake. Rabin masana'antar ya mutu, ni ma suka kashe ni ina riƙe da harsashin a aljihu. Tun da na sayi wasan ban ji daɗinsa kamar daren nan ba. Yanzu kafin in ƙara tukunya ɗaya sai na buɗe taswira na duba inda jan hayaƙin ya kai.

Ƙorafina biyu ne. Saitin farashin hari, wanda ya fi kowanne tasiri, an ɓoye shi a shafin ƙarshe inda sabon shiga ba zai leƙa ba, manyan maɓallan da ke gaba kuwa sai su ruɗe ka kamar yadda suka ruɗe ni. Na biyu, in ka riga ka fara, gyaran sai ta rubuta umarni, shi kuma yana soke lambobin bajinta na wannan taswirar. Saboda haka ka duba hoton taswirar sosai kafin ka danna farawa, ka ƙirga jajayen ɗigon da ke kewaye da kai, su ne sheƙoƙin.

Yanzu ina awa ta goma sha ɗaya a hamadar. Na samu bindigogin feshin wuta, amma rijiyar man da za ta ciyar da su tana bayan sheƙa tara.