Shagon Gyaran Firiji a Jekadafari: Abin da Na Gani da Idona

A cikin azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris lokacin da zafin Gombe yake kan ganiyarsa, firijin gidanmu ya daina sanyi, alhali da shi maiɗakina take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Mai gyaran da muka fara kira bai ko duba bayan firijin ba ya ce gas ya ƙare, ya ɗura wani, ya karɓi kuɗinsa. Kwana tara muka yi muna murna, a rana ta goma zoɓon ya koma ɗumi kamar an ajiye shi a rana. Daga nan ne wani maƙwabcina ya yi mini kwatancen wani ƙaramin shago a Jekadafari.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon, wani dattijo marar yawan magana, bai yanke hukunci ba sai da ya jona firijin ya kasa kunne a jikin kwamfuresa, wato injin da ke tura gas cikin bututun firiji, sannan ya shafa ƙarafan baya ya ji ko suna ɗaukar zafi. Da na faɗa masa an ɗura gas kwanan nan, sai ya ce: "Alhaji, gas ɗin firiji ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa." Ya sa yaronsa ya kaɗa ruwan sabulu, suka bi bututun suna shafawa gaɓa-gaɓa, har kumfa ta fara tashi a farantin sashen ƙanƙara, daga wata 'yar huda da ba ta kai kan allura ba. Kusa da ita akwai tabon bakin wuƙa. Ban ce komai ba, domin na san wanda yake kankare ƙanƙara da wuƙa a gidan, kuma ba maiɗakina ba ce.

Yadda ya yi aikin ya nuna ya san hannunsa. Bayan ya toshe hudar, ya canza 'yar matatar da ke tsotse danshi daga gas, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da injinsa kafin ya ɗura sabo. Ya nuna mini takardar da ke manne a jikin firijin inda aka rubuta R600a da adadin giram ɗin da ya dace, ya bayyana cewa wannan gas yana kama wuta, don haka ba a kusantar da walda gare shi sai an fitar da shi tas, kuma ba a cakuɗa shi da R134a, domin kowane kwamfuresa da irin gas da man da aka yi shi da su. Ya kuma canza rile, wato 'yar na'urar da ke tayar da kwamfuresa, da ya fara rauni, kayan da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, maimakon ya ce in sayi sabon kwamfuresa kamar yadda na yi fargaba.

Shawarwarinsa ma na amfana da su. Ya ce idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a jira kamar minti 5 kafin a kunna, ko a sayi stabilaiza mai jinkirta kunnawa, domin ƙarancin wuta da tashi tun matsin gas bai sauka ba su ne suke ƙona kwamfuresa. Ya sa takarda a bakin ƙofa ya rufe ya ja, ta zare ba tare da turjiya ba, alamar robar ta saki, sai ya gasa ta da ruwan zafi ta koma daidai. Ya ƙara da cewa a janye firijin daga bango, a riƙa share ƙurar hunturu daga ƙarafan baya, kuma kada a sa kunu da zafinsa.

Sai dai shagon yana da nasa aibin. An yi mini alkawarin kwana 2, aikin ya kai kwana 5, kuma sau biyu ina zuwa ina tarar da shi ya fita aiki, wayarsa a kashe. Ba ya ba da rasit, garantin wata 3 da ya yi mini da baki ne kawai. Wurin a cunkushe yake da tsofaffin firiji har bakin hanya, kuma mai kaya ne zai nemi Keke Napep da kansa. Da muka dawo da firijin a kishingiɗe, ya ja kunnena in bar shi a tsaye har washegari kafin in jona, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Tun daga lokacin firijin bai sake tsayawa ba, ƙanƙara tana kamawa cikin dare ɗaya idan wuta ta zauna. Wanda yake gaggawa zai sha haushi a wannan shago, amma ni can na tura ƙanwata da injin ƙanƙararta, na kuma gaya mata ta ƙara kwana uku a kan duk ranar da ya sa mata.