Agogon DS3231 a kan Raspberry Pi: yana maganin mantuwar lokaci, amma ba ya gyara NTP

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce mai allo ɗaya. Tun daga ta farko ta 2012 har zuwa Pi 4 da Pi Zero, babu wadda ke da agogon da zai ci gaba da tafiya idan an zare mata wuta. Da ta tashi, sai ta ɗauko lokacin da ta ajiye na ƙarshe kafin ta mutu, ta zauna jiran intanet ya gaya mata na gaskiya ta hanyar NTP, tsarin da kwamfutoci ke karɓar lokaci da shi daga sabobin intanet. A inda wuta ke zama daram babu mai lura da wannan. A inda ake ɗauke wuta sau uku a wuni kuwa, a tayar da janareta, Pi ta riga rawuta tashi, to duk abin da ta fara yi da lokacin jiya za ta yi shi. Alamomin sanannu ne: apt update ya ce maka fayil ɗin Release "is not valid yet", shafukan HTTPS su ƙi buɗewa don takardar shaidarsu ba ta yi daidai da kwanan watan da Pi ke gani ba, ayyukan cron, wato waɗanda aka tsara su tashi da kansu, su tashi ba a lokacinsu ba, bayanan da na'ura ke tarawa su cakuɗe.

Abin da aka fi saya don wannan shi ne ƙaramin allon DS3231, agogo mai batirinsa da ke ci gaba da tafiya ko an zare wuta. Ayisin (IC) da ke kansa na kamfanin Maxim ne, wanda Analog Devices ya saye a 2021, amma allunan da ke kasuwa masu haɗawa daban-daban ne ke yin su, kuma a nan ne ingancin ke bambanta. Hukuncinmu a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗi biyu: a san irin allon da aka saya, kuma kada a ɗauka zai warkar da ciwon da ke cikin hanyar sadarwa.

Kafin a je kasuwa

Rabin masu neman wannan allo matsalarsu ba ta agogo ba ce. A fara da buga timedatectl. Layuka uku ne abin dubawa: "System clock synchronized", "NTP service" da "Time zone". Idan na farko ya ce yes amma agogon na baya da awa ɗaya cif, to yankin lokaci ne ba daidai ba. Akwai tarko a nan da ke kama mutanenmu musamman. Raspberry Pi OS da ba a saita ba tana kan lokacin Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar, don haka komai zai yi kamar lafiya lau. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da agogonsu baya, Pi ta bi su, mutum ya rasa me ya faru. Gyaran layi ɗaya ne:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

Na Nijar su sa Africa/Niamey, na Gana Africa/Accra.

Idan kuwa layin farko ya ce no, sai a duba abin da systemd-timesyncd ke cewa, don shi ne ke wannan aiki a Raspberry Pi OS:

timedatectl timesync-status
journalctl -u systemd-timesyncd -b

Saƙon "Timed out waiting for reply from" tare da adireshi mai ƙarewa da :123 na nufin tambaya ta fita amma amsa ba ta dawo ba. NTP ta ƙofar UDP 123 yake bi, kuma akwai cibiyoyin makarantu, ofisoshi da otal da ke rufe ta, ga kuma Wi-Fi mai neman sai an shiga da suna a burauza kafin ya saki komai. Shafuka na buɗewa ba hujja ba ce cewa ƙofar 123 a buɗe take. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a haɗa Pi da hotspot na waya na minti biyu. Idan ta daidaita, laifin na cibiyar ne. Saƙon "Server has too large root distance" kuma na nufin sabar ta amsa amma ita kanta ba ta tsaya da ƙafarta ba. Timesyncd ba ya yarda da wadda tazararta ta wuce sakan 5. A canza ta a /etc/systemd/timesyncd.conf, a cire alamar # daga layin NTP=, a rubuta time.cloudflare.com ko africa.pool.ntp.org, sannan sudo systemctl restart systemd-timesyncd.

Wadda ta fi cin rai ita ce ta masu amfani da Pi-hole ko Unbound da DNSSEC a kan Pi ɗin da ke neman lokaci. Biyun farko manhajoji ne na DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshin lamba, DNSSEC kuma shi ke tantance amsoshinsa. DNSSEC ba ya karɓar amsa idan kwanan wata ba daidai ba ne. Pi ba za ta samu adireshin sabar lokaci ba sai DNS ya yi aiki, DNS ba zai yi aiki ba sai lokaci ya daidaita. Kowa na jiran kowa. A karya wannan da sa adireshin lamba kai tsaye a layin NTP=, misali 162.159.200.1 na Cloudflare. Kuma kada a tara masu saita lokaci biyu a Pi ɗaya. Wanda ya bi tsohon darasi ya sa ntp ko chrony, ya tabbata guda ɗaya kawai ke aiki. Tsohon ntpd ma yana da hali: idan bambancin ya wuce sakan 1000 yakan daina aiki maimakon ya gyara, sai an tayar da shi da -g.

Duk waɗannan babu wadda DS3231 zai taɓa. Abin da zai yi shi ne Pi ta tashi da lokaci na gaskiya tun kafin intanet ya zo, ko da bai zo ba har abada.

Ayisin kansa

Abin da ya sa DS3231 ya fi DS1307, wani ayisin agogo da ake sayarwa kusa da shi kuma ya ɗan fi arha, shi ne kiristal ɗinsa a ciki yake tare da ma'aunin zafi. Duk sakan 64 yana auna zafi ya gyara gudunsa. Takardar kamfanin ta ce kuskurensa bai wuce 2 ppm (biyu cikin miliyan) ba tsakanin digiri 0 da 40, wato kusan minti ɗaya a shekara, da 3.5 ppm daga -40 zuwa 85, wato ƙasa da minti biyu. DS1307 da kiristal na waje yake aiki ba tare da wani gyara ba. Kiristal mai kuskuren 20 ppm na zamewa da sakan 1.7 kullum, zafi kuma ya ƙara masa. Duk wanda ya san yadda akwatin roba ke zama a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai ya san digiri 40 ba wani abu ba ne. Ƙari a kan haka DS1307 na son 5V, DS3231 kuwa yana aiki da 3.3V na Pi ba tare da wata dabara ba.

A karanta rubutun da ke kan ayisin, ko da kyamarar waya ce aka kusanto da ita. DS3231SN shi ne mai kiristal da waɗannan alƙaluma. DS3231M wani iri ne daban, mai 5 ppm, kusan minti biyu da rabi a shekara. Ba na jabu ba ne, kuma ga yawancin ayyuka ya wadatar, amma masu talla na yawan rubuta alƙaluman SN su aiko da M.

Alluna biyu da za a tarar

Na farko shi ne shuɗin allo mai lamba ZS-042, mai gidan batir zagaye a baya da ƙaramin ayisin ajiya AT24C32 wanda Pi ba ta buƙatarsa. Abin yabonsa shi ne ana canza batir da hannu. Aibinsa babba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: yana da hanyar cajin batir, rezista mai 200 ohm da dayod 1N4148 a jere, daga VCC, ƙafar da wuta ke shiga allon, zuwa batir. An yi ta ne don LIR2032 mai caji, amma mutane CR2032 suke sawa, don shi ake samu wurin mai gyaran agogo, kuma shi ba a cajinsa. Aka ba allon 5V, zai dinga tura wuta cikin batirin har ya kumbura ko ya yi yoyo. A 3.3V, bayan dayod ya ci nasa kaso abin da ya rage bai kai ƙarfin sabon batir ba, don haka haɗarin ya ragu sosai. Shi LIR2032 ɗin kuma ba zai taɓa cika a haka ba. Mafi kyau a cire rezistan nan mai rubutun 201 da ke kusa da dayod ɗin, a sa CR2032 mai kyau. Aikin minti ɗaya ne ga duk mai gyaran waya da ke da abin narka dalma. Wutar da ayisin yake sha daga batir ba ta wuce mikro'amfiya 3 ba, CR2032 kuma yana ɗauke da kusan 220 mAh, to zai yi shekaru.

Akwai dalili na biyu na guje wa 5V. Allon na da rezistoci da ke jan layukan SDA da SCL, waɗanda bayanai ke bi tsakaninsa da Pi, zuwa VCC, ƙafafun GPIO na Pi kuwa 3.3V ne iyakarsu.

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin baƙin allo mai rami biyar da ake dannawa kai tsaye a kan ƙafafu 1, 3, 5, 7 da 9. Babu waya, babu kuskuren haɗi in dai ba a juya shi ba, yana shiga yawancin akwatuna. Sai dai batirinsa ƙarami ne kuma a manne yake da dalma, ba a san tsawon zamansa a shago ba. A sa mita a kansa tun ranar da aka saya. Idan ya yi ƙasa da 2.5V sosai, a mayar. Ga na'urar da za a kai wani wuri mai nisa a bari, ZS-042 da aka cire wa rezista ya fi ba da kwanciyar hankali.

Haɗawa da saitawa

A kashe Pi, a zare wuta. VCC zuwa ƙafa 1, SDA zuwa ƙafa 3, SCL zuwa ƙafa 5, GND zuwa ƙafa 6 ko 9. A kunna I2C, hanyar da Pi ke magana da allon, a raspi-config ƙarƙashin Interface Options, a sa i2c-tools, a buga:

i2cdetect -y 1

Lamba 68 ce ake nema. 57 idan ta fito ta ayisin ajiyar ce. Idan babu komai, yawanci an musanya SDA da SCL ne ko wata waya ta saki. Mai ma'aunin motsi MPU6050 a layi ɗaya ya sani shi ma a 68 yake zama, sai an matsar da shi zuwa 69. Daga nan a ƙara wannan layi a /boot/firmware/config.txt, ko /boot/config.txt a Raspberry Pi OS Bullseye da waɗanda suka gabace ta:

dtoverlay=i2c-rtc,ds3231

Bayan an sake kunnawa, 68 za ta koma UU. Mutane da yawa na ɗauka lalacewa ce. Alama ce cewa kernel ya karɓi agogon. Haka in dmesg ya nuna sunan rtc-ds1307 kada a ce an yi maka maguɗi, direba ɗaya ne ke kula da su duka. A cire fake-hwclock, mai ajiye lokacin ƙarshe kafin Pi ta mutu, da sudo apt remove fake-hwclock, don aikinsa ya ƙare, barinsa kuma ruɗani kawai zai ƙara.

Ga matakin da aka fi tsallakewa. Sabon allo bai san yau ba. Sai Pi ta samu lokaci na gaskiya tukuna, ta NTP ko da hannu, sannan a rubuta masa da sudo hwclock -w, a karanta da sudo hwclock -r. A Raspberry Pi OS Bookworm idan aka ce babu hwclock, yana cikin util-linux-extra. Mai saitawa da hannu sai ya fara kashe NTP da timedatectl set-ntp false, in ba haka ba umarnin timedatectl set-time zai ƙi. Ya tuna ya mayar da shi true. A bar agogon a kan UTC, Linux ne ke ƙara awa ɗayar.

Gwajin gaskiya shi ne a zare igiyar intanet, a kashe Wi-Fi, a kashe Pi, a cire wuta na awa ɗaya, a kunna a buga date. Idan ya dawo shekarar 2000, batir ya mutu ko bai zauna a gidansa ba. Idan hwclock -r daidai ne amma date ba daidai ba, to ba a kwafo lokacin wajen tashi ba: a nemi layin "setting system clock to" a dmesg. A tsofaffin tsare-tsare sai an shiga /lib/udev/hwclock-set an sa # a gaban layuka ukun da ke sa shi fita idan ya ga /run/systemd/system.

Wa ya kamata ya saya

Duk mai Pi da ke tara bayanai a gona, a tashar sola ko a ɗakin karatun da intanet ke zuwa jefi-jefi, ba sai an yi dogon tunani ba. Idan akwai wasu kwamfutoci a wurin, ya fi kyau a maye gurbin timesyncd da chrony. Shi yana jure layin da ke yankewa, layin rtcsync da ke cikin saitinsa na Debian na sa a sabunta agogon duk minti 11 idan lokaci ya daidaita, kuma da allow 192.168.1.0/24 da local stratum 10 Pi za ta raba wa sauran lokaci ko babu intanet. A chronyc sources, 377 a ƙarƙashin Reach na nufin amsoshi takwas na ƙarshe duk sun iso. Mai neman daidaito ƙasa da milisakan kuwa wannan allo ba nasa ba ne, GPS mai layin PPS, wanda ke ba da alama a farkon kowane sakan, yake buƙata.

Mai Pi 5 ya riƙe kuɗinsa. Ta fito a 2023 da agogonta a jiki, batir kawai take nema a mahaɗin J5, kuma na kamfanin ML2020 ne mai caji. Cajin a kashe yake zuwa, ana kunna shi da dtparam=rtc_bbat_vchg=3000000 a config.txt, kuma kada a sa wannan layi idan batirin da aka maƙala ba mai caji ba ne.