Shekara guda ina ɗaukar hoton dabbobi da lens ɗin 50mm a ƙasar Gumel

Kawuna yana turke raguna a ƙauyenmu, kuma duk lokacin da Babbar Sallah ta matso ni yake kira in ɗauki hotunansu a tura wa masu saye a Kano ta WhatsApp. Da waya nake yi. Wata rana wani mai saye ya aiko da saƙon murya yana tambaya ko kumburin hanci ke damun ragon, alhali lafiyayyen balami ne, fari tas, wata huɗu yana cin dusa da harawa. Wayar ce ta ja: idonta mai faɗi ne, in ka matsa kusa sai ta kumbura abin da ke gaba ta ƙanƙance na baya. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don na san wahalar da Kawu ya sha a kan ragon nan.

Shi ya sa na tara kuɗi na sayi tsohuwar kyamarar Canon 600D ta hannu, da lens, wato gilashin idon kyamara, samfurin EF 50mm f/1.8 STM wanda ya fito a 2015. Yana cikin mafi araha na kamfanin, nauyinsa kusan giram 160 ne, kana iya wuni da shi a wuya ba ka ji ba. A kan irin wannan kyamara ana ninka lambarsa da 1.6, wato yana gani kamar 80mm, kuma wannan ne ya magance matsalar hanci. Daga taku uku ko huɗu fuskar rago tana fitowa yadda Allah Ya halicce ta, lanƙwasar hancin balami da dogayen kunnuwansa kowanne a ma'auninsa.

Abu na farko da mai sayen lens ɗin nan zai sani shi ne ba ya zuƙo abu daga nesa. Ƙafarka ce za ta yi wannan aikin. In kana son fuska ta cika hoton, sai ka je wurin dabbar, ita kuwa sai ta yarda da kai. A nan na fara koyon abin da ba kyamara ce ta koya min ba.

Akwai rugar da ke sauka yamma da garinmu bayan kaka. Ran da na fara zuwa na doshi wata farar saniya gaba da gaba, ta kaɗa kai ta ja da baya, garken duka ya motsa. Dattijon rugar ya yafuto ni.

"Yaro, ba a yi wa nagge haka. Zo mata ta kafaɗa, ta gan ka da ido ɗaya tukuna. Kuma ka rage tsawo."

Na ce, "To Baffa, in tsuguna ke nan?"

"Tsuguna, ka yi shiru. In ta koma tuƙa, ta manta da kai."

Haka kuwa aka yi. Idanun saniya a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta amma ba ta ganin abin da ke daf da hancinta ko bayan wutsiyarta da kyau, shi ya sa mai zuwa ta nan yake firgita ta. Na tsuguna kamar minti goma, ƙudaje na bin fuskata, har ta saki kunnuwa ta ci gaba da tuƙa. Da ta waiwayo, hasken hantsi ya faɗa cikin idonta, ga baƙin da ya zagaye idon kamar an ja mata kwalli, ga baƙin hanci yana sheƙi da danshi. Har yau wannan hoton nake fara nuna wa mutane. Kafin in ɗaga kyamara a kowace ruga yanzu sai na yi sallama, na nemi izini, na ce tubarkalla. Mai dabba yana tsoron kambun baka, kuma yana da gaskiyar ya san inda hoton dukiyarsa zai je.

Abin da ake yabon lens ɗin nan a kai shi ne buɗewar f/1.8, wadda ke narkar da bayan hoto har dangar kara da tsibin taki su koma kamar hayaƙi. Gaskiya ne, yana yi. Amma da farko na wuce gona da iri. Fuskar saniya doguwa ce, a f/1.8 sai ido ya fito rangaɗau, hanci da ƙaho su dusashe. Yanzu ina rage buɗewar: rago ina ba shi f/2.8, saniya da doki f/4 ko f/5.6, kuma kullum ɗigon saiti a kan idon da ya fi kusa da ni. Saurin ɗauka ba na saukowa ƙasa da 1/500 na daƙiƙa, don dabba ba ta daina kaɗa kunne da tauna. Lens ɗin ba shi da na'urar hana rawar hannu, to amma a wannan sauri ba a rasa komai.

Launi ma sai da ya ba ni aiki. Ma'aunin hasken kyamara yana mayar da fari toka-toka, don haka farar bunaji sai na ƙara haske mataki ɗaya, baƙar akuya kuma in rage. Uda ya fi kowa wuya, gabansa duhu bayansa fari. Shi sai na jira inuwar darbejiya ko bayan la'asar. Hazon hunturu kuwa alheri ne ga mai hoto, yana tausasa rana, jan rahaji ya fito kamar garwashi. Sai dai ƙura: kada ka cire lens a fili, ka kuma sa masa gilashin kariya mai faɗin 49mm.

Inda lens ɗin ya gaza min shi ne kara, wato kasuwar dabbobi. Na je da shi Maigatari ranar Alhamis, cikin shanu da raƙuman da ake shigowa da su daga Nijar, na rasa inda zan ja da baya. Ƙahon rahaji ba ya shiga hoto sai ka ba shi tazara, bayanka kuwa dillali ne ko wani bijimin. Raƙumi sai na jira ya gurfana kafin in sami idonsa da gashin ido mai kauri. Wanda aikinsa cikin kasuwa ne, ko tsuntsayen dausayin Baturiya da ke ƙasar Haɗejiya yake so, ya nemi wani lens ɗin, wannan ba nasa ba ne.

Wata baiwa da ban zata ba ita ce yana iya saita abu daga santimita 35. Da ita na fara kallon idon akuya da kyau. Ƙwayar a kwance take kamar tsagar asusu, kuma in ta sunkuya cin ciyawa idon yana juyawa, tsagar ta ci gaba da zama daidai da ƙasa. Na girma cikin awaki ban taɓa lura ba sai da kyamara ta zaunar da ni a gabansu.

Bana raguna shida Kawu ya turke. Na ɗauke su da sassafe, ɗaya bayan ɗaya, a jikin katangar ƙasa ta bayan gida, yaro na kaɗa kwanon dusa ta bayan kafaɗata don su ɗaga kunne. Kawu ya karɓi kyamarar ya daɗe yana duban hoton babban balamin.

"Wannan ka wanko min shi a takarda," in ji shi. "Ragon zai tafi, hoton ya zauna."

Yana nan rataye a zaurensa, sama da inda yake jingine buhunan dusa.