Sandar fatsa mai gaɓa biyu ko mai gaɓa huɗu?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya wace sanda ta fi a fatsar ƙwaron roba, mai rabuwa gaɓa biyu ko mai gaɓa huɗu: ɗauki mai huɗun kawai. Duk wanda ya ce maka yawan mahaɗi, wato inda gaɓoɓi ke haɗuwa, na kashe sanda, maganar zamanin gora yake yi.

A wannan fatsa ta ƙwaron roba babu dalmar da ke jan ƙugiya. Nauyin igiyar ne ke kai ƙwaron bisa ruwa, sandar kuma ita ke lanƙwasa ta harba igiyar. A da, lokacin da ake yin sandunan da gora, mahaɗinsu na ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya lanƙwasa, don haka duk inda aka sa shi sai sandar ta ƙage a wurin, ga ƙarin nauyi. Daga nan maganar ta samo asali. Tun da girafait, abin da ake ƙera sandunan zamani da shi, ya shigo a shekarun 1970, gaɓoɓin ke shiga cikin juna kai tsaye, mahaɗin na lanƙwasa tare da sauran jiki. Yau in aka rufe maka ido aka ba ka su biyun, ƙira ɗaya lamba ɗaya, da wuya hannunka ya bambance.

Inda bambanci yake shi ne ɗauka. Sandar da aka fi amfani da ita ƙafa 9 ce, wajen santimita 274. Mai gaɓa huɗu, wadda irinta ce a hannuna, kowane guntu bai wuce santimita 70 da 'yan kai ba, bututunta kuma 75 zuwa 80. Tana shiga jakar goyo. Ka hau kabu-kabu zuwa Kwalkwalawa babu abin da ke leƙowa ta bayanka, ka shiga motar haya zuwa madatsar Goronyo ka ɗora ta a cinya, babu yaron motar da zai cusa maka ita ƙarƙashin buhun albasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba kifi ke karya yawancin sanduna ba: ƙofar mota ce, da fankar sama, da ƙafar mutum a cikin kwale-kwale. In ma tsautsayi ya gitta, gaɓa ɗaya ka rasa cikin huɗu, kuma wasu masu araha suna zuwa da kan sanda na biyu a cikin bututun.

Mai gaɓa biyu, guntunta ya kusa santimita 140. Tana da saurin haɗawa, mahaɗi ɗaya za ka lura da shi, shi ke nan abin da zan iya yaba mata. Ba zan ce ka ɗauke ta ba sai dai in gidanka na bakin gulbi.

Akwai kuma masu gaɓa shida ko bakwai, na matafiya, da ke shiga akwatin hannu. Mahaɗi biyar ko shida kuwa aiki ne, in ba jirgin sama kake yawan hawa ba ka bar su.

Kuɗin da za ka biya a mai huɗun shi ne kula da mahaɗi uku. Wajen haɗawa fara daga siririn kai ka gangaro zuwa mariƙi. Zura gaɓa cikin 'yar'uwarta zobban da igiya ke bi ta ciki na ɗan karkace, kamar rubu'in juyi, sannan ka tura kana murzawa har ɗigon da ke jikinsu su daidaita. Kada ka danna da ƙarfin tsiya. Bayan kamar awa ɗaya kana jifa, taɓa kowane mahaɗi, domin jifa na sassauta su a hankali. Mahaɗin da ya yi sako-sako shi ke tsaga bakin gaɓar da ke waje, ko kuma ka ga kan sandar ya bi igiya ya faɗa ruwa. Goga ɗan kyandir kaɗan a ɓangaren da ke shiga ciki sau biyu ko uku a shekara, ka share rarar da tsumma. Kaɗan fa, saboda ƙurar hunturunmu na manne wa kyandir, yashi kuma in ya shiga mahaɗi cin sa yake kamar sanfefa. In gaɓoɓin suka cije, kai sandar bayan gwiwoyinka, riƙe kowane ɓangare kusa da mahaɗin, ka buɗa ƙafafu su raba su a miƙe. Kada ka kama zobe ka murɗa, zai tanƙware. Kuma kada ka bar ta cikin rufaffiyar mota a zafin bazarar Sakkwato.

Ƙarfin sanda ba a yawan gaɓa yake ba, a lambarta yake, wadda ke nuna nauyin igiyar da ta dace da ita. Lamba 5 ko 6 ta isa karfasa da kawara. Tsage sai 8 ko 9, da guntuwar waya gaban ƙugiya saboda haƙoransa.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Da yawa sandar nan mai zugewa kamar eriyar rediyo suke turo wa mutane da sunan wannan. Ta gaskiya, mazaunin abin naɗe igiya na can ƙasan mariƙi, kuma sama da mariƙin an rubuta tsawo da lamba da yawan gaɓa. In ta hannu ce, jera gaɓoɓin a ƙasa: tsawonsu kusan ɗaya ne, in na kai ya gaza da inci biyu ko uku to ya taɓa karyewa aka mayar masa da zobe. Bi bakin kowane mahaɗi da auduga, in ta maƙale akwai tsaga, ko da an shafe ta da gam. Amma in ka ga irin mahaɗin da ke da ɗan turke a tsakiya ya bar 'yar tazara kamar rabin santimita zuwa ɗaya, ba aibi ba ne, haka aka ƙera shi. Wanda bakinsa ya haɗe ƙam babu tazara shi ne ya cinye, shi za ka mayar wa mai shi.