Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa: yadda na ga hanyar

Duk ɗan kasuwar da ke shirin zuwa Chaina sarin kaya, tambayarsa ta farko ita ce awa nawa ne. Na bi jirgin Ethiopian daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Baiyun da ke Guangzhou, kuma amsata ita ce: kada ka ƙirga na sama kaɗai.

Babu jirgin fasinja da ke zuwa kai tsaye. Da akwai, da kusan kilomita 11,000 zai ci. Biyawa ta Addis bai ƙara wani abin a zo a gani ba, don Kano zuwa filin jirgin Bole da ke Addis Ababa, babban birnin Habasha, kilomita 3,300 ne da ɗoriya, daga can zuwa Guangzhou kuma kimanin 8,000. Abin da ya sa na zaɓi hanyar ke nan, garin yada zangon yana kan hanya, ba sai an yi arewa an dawo ba.

Zangon farko bai wahalar da ni ba, awa huɗu da wani abu, ka ci abinci ka ɗan runtsa an sauka. Sai dai Addis tana kan tudu, sama da mita 2,300, mu kuma mun fito daga zafin Kano da 'yar shadda. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, ba cikin akwati ba.

Na biyun ne aiki. Mun tashi tsakar dare, awa goma da 'yan kai muna zaune wuri ɗaya. Abinci ya zo sau biyu, ma'aikatan kuma ba su gajiya da miƙo ruwa, na yaba musu. Amma ƙafa sai da ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Kujerar bakin hanya ta fi ta taga nesa ba kusa ba, ko don tashi alwala.

Maganar salla ma a kula. Gabas ake nufa, dare gajere ne ƙwarai, kana ganin yanzu ka kwanta sai ga haske ta taga. Agogon hannunka ba zai taimake ka ba: Habasha ta riga Najeriya da awa 2, Chaina kuma ta riga Najeriya da awa 7. Taswirar da ke allon kujera da leƙen taga su suka fi min amfani wajen gane asuba.

Dawowa ta fi tafiya tsawo kaɗan, saboda iskar sama daga yamma take kaɗowa, jirgin da ya nufi yamma yana fama da ita.

Idan aka haɗa da jiran Bole da layin shige da fice, kwana guda cur ya tafi. Zan sake bin hanyar, amma ba zan sa ganawa da dillali ko shiga kasuwa a ranar da na sauka ba, sai washegari.