Hattara da masu sayar da lowa am "ɗan Beljiyam" ta waya

Jama'a, duk mai tsohuwar mota ya tsaya ya karanta wannan, domin abin da ya same ni a watan jiya ba na fatan ya samu wani.

Corolla gare ni ƙirar 2005. Ta fara da ƙara "ƙwas-ƙwas" a ƙafar gaba duk sanda na hau tudun rage gudu ko na faɗa rami. Daga baya in na taka birki sai in ji ta karkata gefe guda, sitiyari kuma ya daina zama a hannu, sai na yi ta tare ta kamar mai kora akuya. Bakanikena, dattijo ne mai gyaran ƙafa, ya ɗaga ta da jak, ya zura ƙarfe ya bankara lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar gaba da jikin mota, sai ga babban bushin na baya, wato robar da ke mahaɗarsa, yana lilo, robar ta tsage ta rabu da ƙarfenta. Ya sa na shafa tayar ta ciki, ta cinye sumul alhali wajenta da sauran zane. Ya ce, "Alhaji, shokozoba lafiya lau, bol joyin ma da sauransa. Bushin ne. Ka sayo biyu, hagu da dama, a canja tare."

To a nan son banza ya ja ni. Na ga wani a Facebook yana tallar kayan ƙafa 'yan Beljiyam, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasar waje, wai daga Japan aka sauke, wai yana kasuwar Ladipo a Legas. Hotuna tsaf, baki kamar zuma, lowa am guda biyu da bushin a jiki a kusan rabin kuɗin da aka faɗa mini a Kano. Sharaɗinsa ɗaya: a tura kuɗi tukuna, ya ba direba a tasha. Na tura. Kuma kaya sun iso, shi ya sa damfarar ke da wuyar ganewa, don ba irin masu cinye kuɗi su ɓace nan take ba ne.

Baƙi ƙirin suke, suna sheƙi, har da warin sabon fenti. Ranar dattijon ba ya nan, yaransa suka ɗaura. Ko sati uku ba a rufa ba ƙarar ta dawo, har ta fi ta da.

Da aka kwance, dattijon ya ɗauki sukurdireba ya ɗan karci robar. Wallahi sai ga wani baƙin gam yana ɓarewa kamar cingam, a ƙarƙashinsa tsaga ce da ƙaramin yatsa zai shiga. Tsohon lowa am ne da ya gama aiki, aka wanke, aka cike tsagar da gam, aka fesa fenti. Ɗayan ya fi ban takaici: an cire robar asali an yanko tsohuwar taya an cusa, ana ganin zaren tayar a gefe. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai wannan ko a baro ba zan sa ba."

Ga abin da ya koya mini. Bushin na gaske robarsa a manne take da ƙarfen ciki da na waje tun daga masana'anta. In ƙafa ta motsa, murɗawa take yi ta dawo. Robar taya da aka cusa ba ta manne da komai, zamewa kawai take, shi ya sa ba ta jimawa. Sannan fenti a kan roba alama ce babba, domin a jikin ƙarfe ake fenti. Ɗan Beljiyam na ƙwarai yana zuwa da ƙurarsa da ɗan tsatsa da shatin noti a inda aka kwance shi. In ka ga tsohon kaya ya fi sabo kyalli, tambayi abin da ake ɓoyewa. Ka zura ƙarfe a ramin tsakiya ka lanƙwasa, tsagar da aka rufe za ta buɗe baki.

Na kira wanda ya sayar mini, ya ce hanyoyinmu ne ba kyau. Na tura masa hoto, ya toshe lambata. Shafin ma ya canja suna, amma hotunan nan dai su ne, har da wani jan kafet da yake jera kaya a kai.

Daga ƙarshe Ƙofar Ruwa muka je da dattijon, ya juya kaya a hannunsa, muka ɗauki sabbin bushin, aka matsa su da injin matsi maimakon dukan guduma da ke lauya bakin ƙarfe. Bai ƙarasa ɗaure notin ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, ya ce in an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ya kuma sa na gyara yoyon man inji da ke ɗiga a wurin, don mai yana ruɓar da roba. Muka wuce alaimen, wato saita tayoyi. Tayoyin gaba biyu kam sun riga sun tafi, sai da na sayi wasu.