DPP-4 na ɓera: na E. coli ko na HEK293?

Malama mai tambaya daga Birnin Kudu, kin ce za ki gwada ruwan ganyen zogale a kan enzayim ɗin DPP-4 na ɓera (furotin ne da ke yanka sinadaran jiki masu sa a fitar da insulin, ki ga ko zogalen zai hana shi aiki) don aikin mastas ɗinki kan ciwon suga, kin ga iri biyu a katalog, ɗaya an rubuta E. coli ɗaya HEK293, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba, wanne za ki saya.

To duka biyun ba daga jikin ɓera aka tatso su ba. Ƙwayar gadon ɓeran aka ɗauka aka cusa wa wata halitta ta riƙa ƙera furotin ɗin, irin dabarar da aka yi insulin ɗin Humulin da ya fito a 1982. Bambancin yana wajen maƙerin.

E. coli bakteriya ce, cikin kamar minti 20 ta ninka kanta, abincinta ba tsada, shi ya sa nata ya fi araha. Amma ba ta liƙa wa furotin 'yan sarƙoƙin sukarin nan da jikin dabba ke liƙawa, kuma sau da yawa furotin ɗin dunƙulewa yake a cikinta sai an narkar an sake naɗe shi, wani ya dawo daidai wani ko oho, ga kuma endotoksin, wata guba ta jikin bangonta, da kan biyo shi idan ba a tace sosai ba. Kamar riga ce da tela ya yanka daidai amma bai haɗa ɗinkin ba. Idan westan bulot (gwajin gano ko furotin yana nan) za ki yi ko haɗa antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki), ya wadatar wallahi, kar ki ɓata kuɗinki.

HEK293 kuwa ƙwayoyin ƙodar ɗan tayin mutum ne da aka samar a Leiden ta ƙasar Holan a 1973, sai kusan kwana guda suke ninkawa, ruwan renonsu tsada. DPP-4 yana da sukari a jikinsa kuma biyu-biyu yake haɗuwa kafin ya yi aiki, ke kuma aikin nasa za ki auna, in tun farko ba ya yanka komai me zogalen zai hana? Ni dai na HEK293 zan ce ki saya ko da ƙaramar kwalbar ce.

Kar tsabta kashi 95 ta ruɗe ki, SDS-PAGE ce kawai, gwajin da ke jera furotin layi-layi bisa girmansa, furotin matacce ma yana ba da layi mai kyau. Ki duba takardar ko sun rubuta ƙarfin aikinsa. Ki nemi sitagliptin, maganin suga da aka san yana hana DPP-4 aiki, ki sa a gefe don ki ga gwajin naki yana aiki.

Sai batun wuta, mun san halin garuruwanmu. Ki tambaya a foda zai zo ko a daskare, in a daskare ne kar ya kwana a tashar mota. Yana isowa ki rarraba shi a ƙananan tub ki sa a firiza mai -20 ko -80, ɗaya-ɗaya za ki riƙa cirowa, don narkewa da sake daskarewa ke kashe shi. In lab ɗinku ba sola ko janareta mai tsayawa, ki roƙi gurbi a firizar wani a Dutse ko Kano tun kafin ki tura kuɗin.